Layin da Zayyanu ya gyara

Wani ɗan kamfanin rubuta manhaja ne a Zariya ya ɗauki Zayyanu aiki na gwaji, aka ce in ya nuna ƙwazo a tabbatar da shi. Shi kuwa mutum ne mai rawar kai, ba ya ganin abu a karkace ya wuce. Da zuwansa ya lura cewa ko harafi ɗaya aka canza a manhajar, sai kwamfuta ta sake harhaɗa komai tun daga tushe, ta yi ta nishi har kusan azahar. Da an danna mata, sai ma'aikata su miƙe su yi wajen mai shayi. In Oga ya leƙo ya ga kujeru wayam, a ce masa, "Yallaɓai, tana haɗawa ne." Ya gyaɗa kai ya koma.

Abin ya tsaya wa Zayyanu a rai. Ya buɗe Makefile, wato fayil ɗin dokokin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta sake haɗawa da abin da za ta bari. Can ƙasa ya tarar da wani layi da ya ɗaure kowane ɓangare da wani fayil mai sabunta kansa kullum, shi ya sa take ganin komai sabo ne. Ya goge layin. Da aka sake danna mata, kafin mutane su gama saka takalma, aiki ya kammala.

Murna kamar ta kashe shi, har ya fara jin ƙanshin takardar tabbatarwa. Amma ofis ya yi tsit. Washegari ya yi sallama, aka amsa a ciki-ciki. Hankalinsa ya tashi, don ya san sai Oga ya ji ta bakin waɗannan mutanen kafin ya sa hannu.

Ya lallaɓa wajen Malam Ɗanlami, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin.

"Malam, don Allah laifin me na yi?"

"Kai ka taɓa Makefile?"

"Ni ne, Malam. Wani kuskure na gani a ciki. Abin mamaki, duk shekarun nan ba wanda ya lura da shi!"

Malam Ɗanlami ya zare tabarau, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ba wanda ya lura? Bawan Allah, karo-karon basira muka yi kafin mu samu kuskuren da za mu dasa wanda Oga ba zai gane ba."