Igwar Rumawa

Abubuwa da yawa na manta, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa Baturen makaranta igwa ba. Lokacin ina ƙaramin malami a elementare ta Kalgo, shekaru kaɗan kafin mulkin kai, ina ji da kaina saboda abu biyu: na iya sassaƙa, kuma ina jin Turanci (a ganina).

Baturen nan idan ya zo rangadi yakan sauka a bariki da wani akwati cike da 'yan sojojin dalma, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Sai ya jera su bisa tebur yana yaƙi da kansa, babban mutum da furfura. Wata rana ya ga dokin da na sassaƙa, ya kira ni gaban hedimasta. Ya ce yana shirya yaƙin "Rumeniya" da Turkawa, sojoji sun cika, igwa ce babu. Yana son guda huɗu, daidai yadda suke a tarihi. Ya miƙo wani littafi mai hotuna.

Na ɗaga hannu na ce ya bar littafinsa. Rumawa? Mu da muka tashi da labarinsu a zaure! Hedimasta ya yi murmushi, don a lokacin sunana yana cikin waɗanda ake dubawa a tura kwalejin horon malamai.

Ranar Alhamis na hau keke har Gwandu wurin Kawu, yayan mahaifiyata, malamin da ɗakinsa littafi ya fi tabarma yawa. Na ce ina binciken makaman Rumawa.

"Mi kaka so ga Rumawa, ɗana?" Ya jawo gafaka. Kwana biyu muna buɗe littattafai. Ya nuna mini manjaniƙi, wata ƙatuwar majaujawa ta itace da ake jifan ganuwa da ita. Har tsawon hannunta ya auna mini da taƙi. Na tambaye shi ko suna da mai harsashi. Ya ce, "Wagga bidi'a ta bayan nan ce."

Mako uku ina aiki. Itacen aduwa, igiyar rama, ɗan cokali a ƙarshen hannu. (Har yau ina cewa sun yi kyau.)

Da Bature ya dawo, na gayyato hedimasta da sauran malamai, don kada wani ya rasa ganin ɗaukakata. Na yaye ƙyallen da na rufe aikina da shi. Bature ya daɗe yana kallo. Na ɗauka mamaki ne, don haka na ɗora ƙwallon magarya a cokali na saki igiya. Ƙwallon ya tsallake rundunar Turkawa duka, ya faɗa cikin kofin shayinsa.

Ya goge gemu, ya buɗe littafin da na ƙi karɓa. Ga igwar ƙarfe mai ƙafafun keke, dawaki shida na ja, sojoji da wando da takalmi. Ashe Rumeniya wata ƙasa ce ta zamanin bindiga, ba Rumawan dā ba. Cikin Hausarsa ta Turawa ya ce, "Malam, ka yi latti da shekara dubu. A'a, ka yi sauri."

Hedimasta ya shiga tari. Malamin lissafi ya fita waje, muna jiyo shi yana dukan bango.

Kwaleji sai shekarar da ta biyo baya na samu tafiya. Da na koma Gwandu na ba Kawu labari, ko gezau bai yi ba. Ya ce littattafansa ba su yi kuskure ba, sai dai in Nasaran ne ya ruɗe.

Kuma gaskiyarsa, abin da na tambaya shi ya amsa. Tun daga nan na gane cewa in ka je da tambayar da ba ita ba, gara ka faɗa hannun jahili. Shi ko ba komai zai ce bai sani ba, ka dawo gida da wuri.