Ranar da Na Mallaka wa Baffa Shanun Mutane

Ko zan manta da komai na shekarar da na fara aiki, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Inkil ba. Ranar ce na tsaya a gaban dangina, da riga mai guga da kwamfuta a hannu, na ƙwace wa mutane shanunsu ba tare da na taɓa ko igiya ba.

Ni Bafillace ne, amma na birni. A Gwallameji na tashi, nonon da na sani na cikin roba ne, Fulatancina kuwa bai wuce gaisuwa ba (ita ma idan aka zarce da tambayar mutanen gida sai in koma murmushi). Na karanci kwamfuta, na samu aiki a wani ɗan kamfanin rubuta manhaja a Fadaman Mada. Sai aka ba mu aikin rajistar rigakafin shanu: ma'aikaci ya shiga ruga da waya ya rubuta bayanin kowace saniya, wayar ta aika wa sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye komai a intanet, ita kuma ta fitar da kati. Matsalar ita ce makiyaya ba sa son a rubuta musu shanu, kuma suna da dalilansu. Nan na bugi ƙirji a ofis na ce a fara da rugar Baffa Umaru, ƙanin mahaifina, da ke Inkil, don idan ya yarda maƙwabta za su bi. Baffa ya yarda, saboda ni kawai. Abin da ya ce shi ne, "Idan kai ne za ka rubuta, to."

Amma wani ma'aikacinmu ne ya je rugar ya ɗauko bayanan, ni rabona a aikin shi ne aika su daga waya zuwa sabar. Su kuwa bayanan shiga-shiga ne kamar kwanukan samira: ga garke, a cikinsa ga masu shanu, ƙarƙashin kowane mutum ga shanunsa, ƙarƙashin kowace saniya ga 'ya'yanta da alluran da aka yi mata. Anti Rahila, babbarmu a aikin, 'yar Bogoro ce mai faɗin gaskiya ba sukari, ta ce in ƙunshe su yadda suke a tsarin JSON (hanyar rubuta bayani ce da ke barin abu ya zauna a cikin wani abu), in tura a cikin jikin saƙon. Na gwada, sabar ta tofo mini shi. Na sake, ta sake. Kwana biyu muna wannan kokawar, ga Anti Rahila a teburin da ke jikin nawa, amma girman kai ya ɗinke mini baki. Ni da na fito da sakamako mai kyau, in tambayi yadda ake aika saƙo?

Sai dabara ta faɗo mini, irin wadda ke zuwa wa mai gudun tambaya. Na ce wai me ya kawo wannan wahalar? Allura ai saniya ake yi wa, ba mai ita ba. Na cire matakin masu shanu gaba ɗaya, na jera sunan mai garke da shanun a layi ɗaya, na rataya su a wutsiyar adireshin kamar yadda ake tura ƙananan bayanai, na danna. Sabar ta karɓa nan take. Duk inda ba ta ga mai saniya ba sai ta cike gurbin da sunan mai garke, ni kuma na ga hakan daidai ne. Garke ai na mai garke ne, in ji ɗan Gwallameji.

"Ka gama?" Anti Rahila ta tambaye ni. "Yaya ka tura masu shanun?"

"Ya tafi, Anti, lafiya lau."

"Ni ban ce ko ya tafi ba. Na ce yaya ya tafi."

Allah ya taimake ni (a ganina na lokacin) aka kira ta a waya, maganar ta wuce.

Ranar Talata da hantsi muka hau keke mai ƙafa uku ni da ita muka nufi Inkil da katunan. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, Baffa da maƙwabta a gefe guda, mata a ɗayan gefen. Da yake ba kowa ke karanta boko ba, ni zan karanto. Na gyara murya sai ka ce mai labarai a rediyo. Katin farko na saniyar Baffa ce ta gaske, aka gyaɗa kai, na ji kaina ya ƙara girma.

"Ɓaleye, da 'ya'yanta biyu," na ci gaba. "Mai ita, Umaru."

Inna Hajjo, matar Baffa, ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Sake karantawa, ɗana."

Na sake, har da ɗaga murya, don na ɗauka kunne ne ya fara yi mata nauyi.

"Na ji tun farko," ta ce. "So nake kai ka ji. Kakar Ɓaleye ce sadakina. Yaushe na ba Baffanka ban sani ba?"

Kafin in haɗa amsa, Malam Buba, wani dattijo maƙwabcinsu, ya ce a hankali, "Duba mini Raneye." A ranar na san cewa shekarar da ciwo ya shiga garken Baffa, shi ya ba shi aron Raneye tana karsana bisa al'ada: ta zauna a hannunsa ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Na duba katin. Da ina da hali da na haɗiye shi.

"Mai ita... Umaru."

"To, Allah ya sa albarka," in ji Malam Buba, ya fara laluben takalmansa.

Baffa ya sunkuyar da kai. Wannan ya fi mini ciwo a kan komai. Mutumin da bai taɓa riƙe ko ƙwayar geron wani ba, ɗan ɗan'uwansa ya zo ya rubuta shi maci amana a gaban maƙwabta. Inna ta ƙara da cewa, "Abin da muke gudu ke nan. Mu za mu mutu, takarda ta tsaya tana ba da shaida." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma don rashin ta ido, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ai kuskuren sabar ne."

"Ba sabar ba ne, Baba," Anti Rahila ta ce da Malam Buba. "Yaronku ne ya zubar da sunayen a hanya. Amma suna nan cikin waya, ko ɗaya bai ɓata ba. Ka zauna, don Allah, ka ba mu minti kaɗan."

Ya zauna, don ita, ba don ni ba. Ta jawo kwamfutar, na nuna mata ƙunshin da sabar ta yi ta ƙi. Ashe layi ɗaya na bari, wanda ke sanar da sabar irin ƙunshin da aka aiko mata. Abin da ya cinye mini kwana biyu bai kai ta shan kofin shayi ba. Muka sake turawa, kowace saniya a ƙarƙashin mai ita. Inna ta matso kusa da ni, ina karantowa daga kwamfuta tana tabbatarwa. Ɓaleye ta koma wa Inna. Raneye ta koma wa Malam Buba, 'ya'yanta suka tsaya wa Baffa, dattijon ya cire takalman ya miƙe ƙafa.

A ta ƙarshe na tsaya cak. Woɗeye, mai ita kuma sunana ne, har da na mahaifina.

"Wannan wani kuskuren ne kuma," na ce.

Dariya ta ɓarke har ɓangaren mata. Sai a lokacin Baffa ya ɗago kai.

"Ba kuskure ba ne. Ranar sunanka kakanka ya ba ka karsana, wannan jikarta ce. Shekara da shekaru ina kiwata maka, yau ka zo ka ba ni ita a takarda. Na gode, amma ba na so."

Kafin mu tashi maƙwabta uku suka ce a zo a rubuta nasu, da sharaɗin "wannan baiwar Allah" za ta duba kafin a buga. Ban ji haushi ba, ni ma da hakan zan ce. Bayan kwana biyu na kai sababbin katuna, aka yaga tsofaffin a gaban kowa, na raba wa kowa nasa. Na miƙa hannu zan sa na Woɗeye a aljihu, Inna ta zare shi.

"Bar shi a wajena. Kai abu yana zube maka a hanya."

Abin da na koya shi ne, idan bayani ya zo maka a cukurkuɗe, kada ka yi saurin miƙar da shi, wataƙila haƙƙin wani ne ka ɗauka ƙulli. Kuma matambayi ba ya ɓata. Wanda ya ƙi tambaya kuwa, ga ni nan shaida, har saniyarsa yakan kyautar bai sani ba.