Majiya Biyu, Baki Ɗaya

Wajibi ne ga duk mai adalci ya yarda cewa ba kowane gari ne Allah yake yi wa baiwa da mutum irin Malam Majiya ba. Sauran mutane sai abu ya faru suke sani. Shi kuwa yakan san abu tun bai faru ba, wani lokaci ma har abin ya fasa faruwa, shi yana nan da saninsa. Shi ne mai gabatar da shirin sharhi na yamma a ƙaramar tashar rediyon da ke bayan kasuwa, kuma ya samo sunansa ne daga jimla guda da ba ta taɓa barin bakinsa ba: "Majiya mai tushe ta shaida mana." Da ita yake buɗe shiri, da ita yake rufewa. An ce ko maiɗakinsa ta tambaye shi ko zai dawo gida da wuri, majiyar ce take amsawa.

Mutum mai wannan daraja bai kamata ya ƙare a ɗakin watsa shiri mai tsagaggen labule da fanka mai kuka ba. Shi ma ya san haka. Idonsa yana kan kujerar manaja, wadda tun rasuwar wanda ya kafa tashar, matarsa ce take zaune a kai. Dattijuwa ce mai haƙuri, ma'aikata suna kiranta Uwar Tasha. Babban laifinta a wurin Malam Majiya shi ne tana biyan albashi a kan kari, amma ba ta da hangen nesa.

Wata safiya yana shiga harabar tashar sai ya ga baƙi biyu a gindin dogon ƙarfen eriya. Ɗaya yana riƙe da igiyar awo, ɗayan ya kare rana da tafin hannu yana duban sama. Ƙaramin mutum zai ƙarasa ya tambaye su abin da ya kawo su. Amma tambaya iƙirarin jahilci ce, shi kuwa ba a taɓa kama Malam Majiya da wannan laifi ba. Ya tsaya daga nesa ya sa hankali. Ba a auna abu sai za a saya. Ba a sayen ƙarfen eriya a bar tashar. Ashe ke nan sayar da tashar za a yi, kuma sabon mai gida dole ya nemi sabon manaja. Hujja ce ginanniya, kowane hawa yana zaune daram a kan na ƙarƙashinsa. Na farkon ne kawai babu ƙasa a ƙarƙashinsa, domin mutanen nan masu fenti ne, Uwar Tasha ce ta kira su saboda tsatsa ta ci ƙarfen.

Da rana ya tafi aski. Ya zauna, an ɗaura masa mayafi a wuya, benci cike da masu jiran layi. Ya bari sai da hira ta lafa, sannan ya dubi kansa a madubi ya yi magana da murya irin ta shiri.

"Ba zan ce komai ba. Aikinmu aikin riƙon sirri ne. Amma duk mai ido ya zuba shi a kan tashar nan tamu. Hannu zai canza."

Almakashin mai aski ya tsaya cak. Mai askin ya rantse maganar ba za ta fita ta ƙofar shagonsa ba, kuma ya cika alkawari, domin ta taga ya faɗa wa mai gyaran waya.

Ba a daɗe ba ƙanin maiɗakin Malam Majiya, direban tasi, ya kawo ziyara. Tun bai gama gaisuwa ba ya ce, "Yaya, ashe sayar da ku za a yi kuka yi mana shiru?" Ya ba da labari filla-filla kamar yadda ya kwaso a bakin fasinjoji: wani katafaren kamfani ne mai tashoshi a ƙasashe da yawa, har ya turo injiniyoyinsa sun auna komai, za a rushe ginin a tayar da bene. Malam Majiya ya gyara zama ya tambaye shi daga ina wannan magana ta fito. Direban ya sassauta murya ya ce daga bakin wani babba ne a cikin gidan rediyon, wanda ba ya son a ambaci sunansa.

Abu biyu suka shiga zuciyar Malam Majiya a lokaci guda: murna da kishi. Kishin kuwa na wannan babban ne da ya riga shi sanin batun bene. Ya zargi injiniyan tasha, ya zargi editan labarai, ya ƙudurta a ransa sai ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsu da kyau. Murnar kuma tana da dalili na ilimi. Ƙa'idar aikin jarida ta ce kada a watsa labari sai majiya biyu sun tabbatar da shi. Ga abin da ya gani da idonsa, ga kuma shaidar wani babba. Ƙa'ida ta cika.

Maiɗakinsa tana ninke wanki a gefe. Ta ce, "Baban yara, ba kai ne ka je aski kwanan nan ba?" Ya amsa mata cikin tausayawa cewa aski daban, aikin jarida daban, kuma haɗa su alama ce ta ƙarancin karatu.

Washegari da yamma ya matso da makirufo ya yi gyaran murya.

"Jama'a masu sauraro, majiyoyi masu tushe, ba ɗaya ba, sun shaida mana cewa wata tasha a garin nan, wadda ladabi ya hana mu ambata, tana dab da shiga hannun masu zuba jari na duniya. Muna yi musu maraba. Muna kuma tabbatar musu cewa a cikin gidan akwai ƙwararru, ko da ƙwararre ɗaya ne, da suka daɗe suna jiran zuwan masu sanin darajar ƙwaƙwalwa."

Tashoshin garin ba su da yawa, kuma guda ɗaya ce take da ƙwararre ɗaya tak. Kowa ya gane.

Daga ranar ya koma sa kwat ko ana zafi, ya sayi jaka mai makulli wadda babu komai a cikinta sai tsohuwar jarida. Yakan tsaya a ƙofar ɗakin labarai ya ƙare wa ma'aikata kallo yana girgiza kai, ya ce wa wannan zai sa baki a bar shi, ya ce wa wancan ya fara neman wani wuri. A baranda ya ci karo da wani mai maganin basir da ake kira Sha-Yanzu, mutumin da tallansa ya fi na kowa yawa a tashar, wanda yakan zo da kansa da buhun kwalabe a kafaɗa a ɗauki muryarsa. Malam Majiya ya toshe hanci ya sanar da shi cewa zamanin da ake katse sharhin masana da zancen ciwon mazaunai ya kusa ƙarewa. Sha-Yanzu bai yi fushi ba. Ya ajiye buhunsa, ya saurara da kyau, har ya tambaya ko da gaske irin wannan gida ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da shago. Malam Majiya ya yi dariyar tausayi ya wuce.

Sai masu talla suka fara lissafi, kuma lissafinsu ya fi nasa tsari. Mai sayar da katifa ya ce ba zai ƙulla yarjejeniya da gidan da bai san mai shi na gobe ba. Makarantar koyon ɗinki ta ce za ta jira sababbin masu gida. Injiniya ya sami aiki a wata tasha ya tafi, mai karanta labarai ta bi shi. Albashi ya fara latti. Uwar Tasha ta sallami masu fenti, ƙarfen eriya ya ci gaba da tsatsarsa. Malam Majiya ya dubi ƙarfen ya ƙara samun hujja: wa zai yi wa abin da ya riga ya sayar fenti?

Daga ƙarshe dattijuwar ta kira shi ofis. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, ta ce, "Ɗana, ni ban taɓa tunanin rabuwa da gidan nan ba, amanar mijina ce. Amma yanzu ko man janareta yana neman ya gagare ni. Tunda kai ka san mutanen nan, haɗa ni da su, ko yaran nan sa tsira da aikinsu."

Nan ne Malam Majiya ya nuna cewa shi mai aƙida ne. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗan jarida na gaskiya gara ya mutu da ya tona majiyarsa." Ya fito yana mamakin yadda tsohuwa ta iya ɓoye ciniki har a gaban wanda ya san komai.

Aka sayar da tashar kuwa. Ranar da za a gabatar da sabon mai gida, Malam Majiya ya zo da sabuwar kwat ya zauna a sahun gaba, jakarsa a kan cinya, ya riga ya tsara jawabin karɓar kujera. Tun kafin a fara ya tashi ya tunatar da ragowar ma'aikata wanda ya fara faɗa. Ƙofa ta buɗe, Uwar Tasha ta shigo da jajayen idanu, bayanta Sha-Yanzu da buhunsa a kafaɗa. Malam Majiya ya leƙa bayansu yana neman masu zuba jari na duniya. Babu kowa sai ƙofar da take komawa a hankali.

Sha-Yanzu mutum ne mai godiya. Ya ce shi bai taɓa sanin ana sayen gidan rediyo ba sai a bakin Malam Majiya, kuma da ba don ƙoƙarinsa ba da farashin bai sauko inda hannun mai buhu zai kai ba. Kujerar manaja dai shi zai zauna a kai da kansa. Amma ba zai bar mai alheri ya tafi haka ba.

"Malam Majiya, lokacinka na yamma yana nan, ba mai taɓa maka. Sharhin ne kawai za mu ajiye. Kullum ina jin kana cewa mai tushe, mai tushe. To, maganina daga tushen bishiya ake haƙo shi, ciwon kuma a tushen mutum yake. Ban ga wanda ya fi ka dacewa ba. Za ka riƙa gaya wa jama'a yadda ka sha fama da shi, har zama ya gagare ka, kafin ka gamu da ni."

Malam Majiya ya tuna kuɗin haya, ya tuna yara, ya tuna cewa babu wata tasha da take neman ƙwararre. Ya karɓi kwalbar da aka miƙa masa, ya sa ta a cikin jaka mai makulli, wadda a ranar ta fara ɗaukar abu mai nauyi.

Ya yi aikin da muryar da ya saba, kuma a karon farko a tarihinsa gari duka ya gaskata shi ba tare da gardama ba. Da ya koma aski, masu jira suka matsa masa cikin girmamawa, suna yi masa sannu da jiki. Mai aski ya ɗauko matashi mai laushi ya ɗora a kan kujera kafin ya ce bismilla. Malam Majiya ya murtuke fuska ya tambayi wanda ya ce yana bukatar wannan abu.

Mai aski ya kakkaɓe mayafi, ya sunkuyo kusa da kunnensa ya ce, "Wani babba ne a gidan rediyo. Ka san aikinmu, ba ma tona majiya."