Rasuwar Tatudu, Rediyon Motar Inuwa

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da hancin da ƙaurin waya bai bari ba har yanzu, Inuwa direba na Tabotaki, mai jigilar albasa tsakanin Madawa, Buza da Keita, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rediyon motarsa, wadda aka fi sani da Tatudu. Ta cika ranar Lahadi da la'asar a kan tudun da ke bayan gari, bayan jinyar da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba.

Marigayiya haifaffiyar ƙasar Faransa ce. Ta zo Madawa cikin ƙaramar motar wani Nasara mai gina rijiyoyi. Motar ta kwanta dama a kwazazzabo, ita ta tsira, kuma a shekarar 1965 ta dawo hannun Inuwa. Makanikin tasha ya ce a kawo ya ɗaura masa. Inuwa ya ce mutumin da ke sauke injin kamyo, wato babbar motar kaya, da hannunsa ba zai kai ɗan akwati gaban wani ba.

Haka ya fasa mata gurbi a gaban mota da guduma da tsinin ƙarfe. Gurbin ya fi ta girma, ya cike da tsumma. Ya ɗaure wayar shinge a jikin gora, ya kafa a kan rufi don kama magana. Oparlar kuwa, wato bakin da murya ke fita, ya zaunar da shi cikin ƙwaryar furar matarsa Zalika, wadda har yau ba a nemi izininta ba. Sannan ya ja waya ja da baƙa kai tsaye zuwa ɗaya daga cikin batura biyu na kamyon. Da ya gama sai ya ga wani abu ya yi saura, wata 'yar kwalba mai siririn zare a ciki, wadda makanikai ke kira fizibil, wai ita ke ƙonewa a madadin rediyo idan wuta ta yi yawa. Ya jujjuya ta, ya ga ba ta kai a ɓata mata lokaci ba, ya jefa a aljihu.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da kunya. Ba ta taɓa buɗe baki a kwari ba, sai an hau da ita tudu, daga nan ta sami sunanta. Ba ta kuma katse na gaba da ita: muddin injin yana aiki, iyakarta ta bi shi da "wiiiii", ya tashi ta tashi, ya sauka ta sauka. Sai an kashe shi take gyara murya, "shhhh, ƙrrr", ta kawo Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ba ta tambayi kowa kabilarsa ba. Aibinta ɗaya, ci. Takan lashe baturi tas a zama guda, shi ya sa ba a tsayar da motar sai hancinta na kallon gangare. Fataken albasa da yawa sun tura kamyon nan saboda ita, kuma Inuwa yana roƙon su yafe mata.

Amma ba don fatake ya kawo ta ba. Ƙanensa Alƙasim ya tafi cin rani Kumasi tun kafin a sami mulkin kai, abokan tafiyarsa sun dawo, shi shiru, ba saƙo ba labari. Wani da ya dawo daga can ya ce akwai gidan rediyo a ƙasar Gana da ke karanta gaisuwar 'yan cin rani da Hausa kowace Lahadi da la'asar. Tun daga ranar da aka ɗaura marigayiya, ko ana ba da lodin zinariya Inuwa ba ya aiki ran Lahadi. Yakan ɗauki mahaifiyarsu, Inna Furera, wadda a da ko inuwar mota ba ta yarda ta taka ba, ya hau da ita tudu, ya kashe injin. Ta rungume ƙwarya a kunne. An gai da mutanen Tawa, an gai da na Urno, an gai da na Sabon Gida, kowanne Inna ta ce, "Muna amsawa." Nata bai zo ba, ba ta kuma fasa zuwa ba.

Ajalin marigayiya ya faro ne daga kunnen Inna, wanda ya yi nauyi a bana. Inuwa ya shiga maimaita mata abin da aka faɗa, ita kuwa ta ƙi.

"Ba ni son ta bakinka, Inuwa. Da kunnena nika so in ji ɗana."

Ya yi tunani irin na mai ƙaunar uwarsa wanda ba ya shawara da kowa: idan baturi ɗaya ya ba marigayiya wannan murya, biyu za su ninka. Ran Lahadin nan, ana gab da fara gaisuwa, ya haɗa mata duka biyun. A faɗi gaskiya, lissafinsa ya yi daidai na ɗan lokaci. Marigayiya ta ɗaga muryar da ba ta taɓa yi ba, har awakin da ke kiwo a gefen tudu suka watse. Ga kalamanta na ƙarshe, kamar yadda suka fito:

"Sai gaisuwa daga Kumasi, daga wani ɗan ƙasar Adar, Alƙasim, yana gai da mahaifiyarsa da ke garin..."

Fat! Sai hayaƙi.

Inuwa ya san babu ƙauye a yankinsu na Adar da ba shi da Alƙasim, kuma rabinsu suna Kumasi. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ga Inna tana share ido da bakin mayafi tana dariya.

"Shi na. Ɗana na, yana da rai."

Tun ranar nan tsoro biyu ke cin sa, kada ya zama Alƙasim ɗin ba nasu ba ne, kada kuma ya zama nasu ne, shi ya toshe bakin marigayiya da hannunsa.

Marigayiya ta rasu ta bar gora ɗaya da wayar shinge, da ƙwaryar da Zalika ta ce a maido mata ko da huda, da batura biyu da kowanne ke ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Ta kuma bar fizibil, wadda aka samu a aljihun Inuwa garau, ko ƙwarzane babu.

Game da jana'iza, liman ya ce ƙarfe ba a yi masa sallah, Inna kuma ta ce ba mai cire ta daga gurbinta. Don haka za a bar ta inda take, a rufe ta da tsummanta. Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi mai zuwa da la'asar, a kan tudun da ta cika. Masu zuwa su zo da ƙarfinsu, domin akwai turin mota a dawowa. Ba a bukatar goro ko hatsi. Abin da Inuwa ke roƙo shi ne, duk mai rediyo daga Madawa har Keita da ya ji ƙarshen waccan magana, ya taimaka ya zo, ya fara jan Inuwa gefe ya gaya masa sunan garin. Idan Tabotaki ne, ya je ya zauna ta hannun daman Inna, shi ne kunnen da ke ji. Idan wani gari ne, ya yi mata ta'aziyyar rediyo kawai, ya tafi.