Ranar da Na Kai wa 'Ya'yana Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga asibiti a Kano ina jan kular ƙanƙara ba. Ko yanzu na tuna sai na rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Sana'ata ke nan a Rogo, sayar da ƙanƙara da zoɓo. Firiza biyu gare ni, kuma in dai maganar sanyi ce ba na jin akwai wanda zai koya min (wannan girman kan ne ya ja min). Shekararmu goma sha ɗaya da aure ni da Malam, maigidana, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Da muka je asibitin nan na Kano dashen ciki, inda ake haɗa ƙwan mace da irin mijinta a dasa mata a mahaifa, na farko bai zauna ba. Sai aka ce saura ƙwai biyu da aka riga aka haɗa, an daskarar da su, za a narkar a dasa min idan jikina ya huta. Su ne na ƙarshe, kuma mun san ba mu da ƙarfin sake farawa.

Saura kwana uku a yi dashen, da safe na ji a rediyo wuta ta ɗauke a ko'ina, har Kano. Ni na san abin da ɗaukewar wuta ke yi wa firiza, na sha zubar da kifi. Malam ya tafi makarantar da yake koyarwa a Karaye, na kira wayarsa a kashe. Ban tsaya kiran asibitin ba (lambarsu kuwa tana jikin katina), na cika kula da ƙanƙara, na sa aka ɗora min ƙaramin janaretana a bayan bas.

Kafin mu isa rabin ƙanƙarar ta zama ruwa. Na ratsa ɗakin jira cike da mata 'yan gayu, kula na yoyo a kan tayil, mai gadi na biye da ni rungume da janareta. Na ɗaga murya na ce, "Don Allah ina firizar da 'ya'yana suke? Ku buɗe min kafin su lalace!"

Wata ta janye takalminta daga ruwan. A lokacin ne na lura fanka tana juyawa, fitilu duk a kunne.

Wata matashiya mai farar riga ta fito, ita ce mai kula da ɗakin ajiyar ƙwai. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta kama hannuna ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Zo ki gani." Ta tagar gilashi ta nuna min wani tulun ƙarfe. Ta ce ƙwayayen suna ciki, a ruwan naitirojin da sanyinsa ya fi na ƙanƙarata nesa ba kusa ba, kuma babu ruwansa da lantarki.

Da ina da hankali, da a nan na ja bakina. Ni kuwa na ce, "To Likita, ranar narkarwa a bi su a hankali, a inuwa. Kada a sa musu ruwan ɗumi, yana ɓata kifi."

Nan ne ta kasa riƙe murmushi. Ta ce ai a hankalin ne ke kashe su, don ƙanƙara za ta fito a cikinsu ta yayyaga su. Daga tulun kai tsaye ake tsoma su a ruwa mai ɗumin jikin mutum, kamar minti ɗaya. Sannan a riƙa matsar da su daga wannan ɗigon ruwa zuwa wancan, maganin da aka sa musu don ya kare su daga sanyi yana fita, ruwan jikinsu yana komawa. Sai a ajiye su a wuri mai ɗumi a ga ko za su farfaɗo. Wato duk abin da na sani a shekarun sana'ata, akasinsa ake yi. Kunya ta rufe ni har wuya, amma hankalina ya kwanta, na fashe da kuka a kafaɗarta.

Malam da ya ji labari cewa kawai ya yi, "Janaretan ma ba ki zuba masa mai ba."

Ranar dashen matashiyar nan da kanta ta fito ta ce min, "Yaya, duka biyun sun farka." Ɗaya ya zauna, na haifi 'ya mace. Sunanta Amatullahi, amma duk layinmu 'Yar Ƙanƙara suke ce mata, kuma ni na jawo mata.

Na koyi kiran waya kafin in ɗora janareta a mota, na kuma daina koya wa likitoci aikinsu. Jiya da rana aka ɗauke wuta, na shigo na tarar Amatullahi ta wangale min firiza tana wasa da hannu a ciki, sanyin duk yana ficewa. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna tulun nan. Alhamdulillahi kawai na iya cewa, na zauna ina kallonta.