Layun Gonar Rogo

Ko da zan manta sunayen jikokina (kuma na fara), ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ceci Dakta Hamadu daga sammu.

Zamanin da kuɗin fetur ke ambaliya a Libreville ne. Hamadu, wani matashi ɗan Garwa da muke salla tare a unguwar Awendjé, ya samo mini aikin masinja a tashar binciken noma da yake aiki, can gaba da unguwar PK8, a bakin kurmi. Ni kuwa da ilimina na aji huɗu, a unguwa cewa nake "mu masu bincike".

Sai aka kawo wata Madam Rabi, 'yar Damagaram, ta koya wa masu binciken yadda ake rubuta rahoto. Hamadu ya yi shekara biyu yana gwajin irin rogo, kuma an gaya masa in rahotonsa bai fito ba a ƙarshen kwas ɗin, kwantiraginsa ya ƙare. Kullum ya miƙa takarda, ta dawo masa da ita jajawur kamar an yanka kaza a kai. Yaro ya rame, ya daina cin abinci, yana tafe yana ƙirga wani abu da leɓe. Na ce a raina, wannan ba aikin biro ba ne, akwai hannu.

Ranar Laraba da azahar aka aike ni gonarsa. Ruwa ya ɗauke, hazo na tashi daga ƙasa, ko tsuntsu ɗaya babu. Rogo a jere kamar sahu, an rufe kan wasu da farin ƙyalle tamkar likkafani. A wuyan kowane akwai ɗan ƙarfe fari ɗaure da jan zare, suna kaɗawa ƙil-ƙil, alhali ni ban ji iska ba. Na matsa da ayatul kursiyyu a bakina, na juya ɗaya. Harafin H, da lamba. Na juya na biyu, H. Jama'a, ko ban san komai ba na san H, da ita sunan Hamadu ya fara. Wato an bi gona kaf an ɗaure yaron mutane.

Ban gaya wa kowa ba (mai karya sammu ba ya shela). Na bi layi-layi ina tsinkewa, ina zura su a igiya. Layi biyu na farko ma rafi na kai su, na jefa ba tare da waiwaye ba, sai na tuna ana bukatar shaida.

Washegari na shiga aji ana tsakiyar darasi, na dire igiyar a teburin Madam.

"Dakta, kwantar da hankalinka," na ce. "Na kwance ka."

Hamadu ya miƙe a hankali, ya ɗaga igiyar.

"Kawu... daga ina?"

"Daga gonarka. Ko ɗaya ban bari ba."

"Inna lillahi! Kawu, sunayen iri ne! Da su nake gane wane rogo ne wane. Ni na ɗaura su da hannuna!"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige har da hulata. Wani ya fassara wa sauran da Faransanci, na ga manyan mutane suna cusa kai ƙarƙashin tebur. Madam kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki alli.

"Malam, daga wace kusurwa ka fara?"

"Gabas, Madam, wajen bishiyar mangwaro."

"Ka bi layi ko tsallake ka yi ta yi?"

"Haba Madam, wa ke tsallake a aikin sammu? Ɗaya bayan ɗaya, dama zuwa hagu, kamar jan carbi."

"Haka ka zura su a igiyar?"

"Haka."

Tana tambaya tana rubutawa a allo, har da zancen rafin da lokacin da na yi aikin. Ta juya ga ajin, Hamadu na fassara mini cikin shessheƙa: kwana tara tana roƙonsu su rubuta abin da suka yi dalla-dalla yadda wani zai iya bin sawunsu, sun kasa, ga masinja ya yi a zama ɗaya. Ta sa daktoci goma sha biyu suka kwafe wautata a littafi.

Da wannan bayanin muka koma gona, muka mayar da kowane ƙarfe wuyan mai shi. Layi biyun rafi kam sun tafi teku. Rahoto ya fito, Hamadu ya tsira da aikinsa, kuma a shafi na huɗu an rubuta cewa an rasa layi biyu "saboda dalilin da ba na noma ba". Ni ne dalilin. Shi ne kawai wurin da na taɓa fitowa a littafin kimiyya.

Tun daga ranar, in na ga abin da ban gane ba, nakan fara tambayar mai shi kafin in cece shi. In kuwa wauta ta zama dole, to a yi ta a jere.