Rasuwar Layin Ƙwan Kowace Kaza

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Uwar Kaji, mai gidan gonar nan na bayan tasha, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininta, layin ƙarshe a jadawalin kwamfutarta, wanda aka fi sani da Ƙwan Kowace Kaza.

Marigayin ɗan asali ne. Mahaifinsa layin Ƙwan da Aka Kwasa, mahaifiyarsa layin Yawan Kaji. Uwar Kaji da hannunta ta haɗa auren, aure kuwa na ban mamaki, don da rabawa aka ƙulla shi: ta raba ƙwai da yawan kaji, sai ga jariri ya faɗo da amsa a bakinsa.

Bai san son kai ba. Babban ɗaki mai kaji rututu yana cika kiret yana hura hanci, marigayin ya tona masa asiri cewa rabinsu cin banza suke yi. 'Yan tsirarun kajin ɗakin ƙurya kuwa, da kowa ya raina, shi ya tsaya musu, ya nuna ba su fashin ƙwai. Ko kaza ɗaya ta mutu, kafin ka ƙifta ido ya gyara kansa, ba guna-guni.

Ajali ya zo ta hannun maigida, mijin Uwar Kaji. Ya tashi buga jadawalin don dillalin da zai kwashe ragwayen kaji, takarda ta ƙi ɗauka. Ya duba, ya ga ai an riga an sami amsa, to zaman me mahaifiyar marigayin take yi? Ya goge Yawan Kaji. Bawan Allah bai san ɗan yana shan nono har yanzu ba.

Marigayin bai yi jinya ba. Kalmarsa ta ƙarshe, daga sama har ƙasa, ita ce kukan da kwamfuta ke yi in lissafi ya rasa madogararsa: #REF! Maigida ya firgita, ya danna ajiyewa, ya rufe kwamfutar, ya tuna wai dusa ta ƙare a sito.

Ya rasu ya bar mahaifinsa, wanda yanzu yake surutu shi kaɗai yana yabon babban ɗaki. Ya bar wani zane mai launi da kwamfuta ke zanawa da alƙalumansa, wanda ya koma fili fetal. Ya kuma bar kajin ɗakin ƙurya, waɗanda takarda ta nuna su ne mafi ƙarancin ƙwai, ga dillali yana wasa wuƙa.

Za a yi jana'iza gobe da safe, da zarar an zuba wa kaji ruwa. An roƙi dillali ya dakata, ba kazar da za ta fita sai an sake haifar marigayin. Zaman makoki a babban ɗaki ne, inda maigida zai ƙirga kaji da kansa, ɗaya bayan ɗaya, alhali ba mai tsayawa wuri guda. Masu ta'aziyya su zo da takalmin roba. Duk wanda ya gaishe shi yana cikin ƙirga, ya sani daga farko zai koma.